Ciwon Rett: Yadda iyaye ke shiga binciken kimiyya da wayar hannu

Yarinya za ta taso lafiya lau har zuwa wata 6 ko 18. Sai maganar da ta fara koya ta ɓace, hannayenta su daina riƙe abu, ta riƙa murza su ba ƙaƙƙautawa. Wasu kan samu farfaɗiya da rikicewar numfashi. Wannan shi ne ciwon Rett, wanda likita Andreas Rett na Ostiriya ya fara bayyanawa a 1966. Yana kama kusan yarinya ɗaya cikin 10,000, kuma da wuya ya kama namiji.

A 1999 ne ayarin Huda Zoghbi a Amurka ya gano cewa tangarɗa a ƙwayar halitta mai suna MECP2 ce ke jawo shi. Galibi ba daga iyaye ake gadonsa ba, haka kawai tangarɗar ke faruwa.

Me ya haɗa waya da wannan?

Tunda masu ciwon ba su da yawa, babu asibiti guda da zai tara adadin da bincike ke buƙata. Gwajin maganin trofinetide, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a Maris 2023, mutum 187 kacal aka yi shi da su.

Shi ya sa masu bincike suka koma intanet. Rumbun bayanai na InterRett da ke Ostareliya yana karɓar bayanai daga iyalai a ƙasashe da dama. Uwa za ta cike fom daga gida: yaushe ’yarta ta daina magana, sau nawa farfaɗiya ke tashi, yaya barcinta. Gajeren bidiyon motsin hannu da aka ɗauka da waya kan nuna wa likita abin da ganin minti goma a asibiti ba zai nuna ba. Wanda ke neman binciken da ake ɗaukar mutane yanzu, sai ya duba shafin ClinicalTrials.gov.

Kafin ka danna “na amince”

A matsayina na mai rubuta manhaja, nan ne nake so ka tsaya. Idan lambar sirrinka ta fita, canza ta za ka yi. Bayanan ƙwayoyin halittar yarinya kuwa ba sa canzuwa har abada, kuma ita ba za ta iya cewa a’a ba. Don haka ka tambaya:

Wane kwamitin ɗa’ar bincike ne ya amince da aikin? A Najeriya, NHREC ce ke sa ido.

A ina za a ajiye bayanan, su wa za su gani, kuma za a cire sunanta?

Za ku iya janyewa daga baya? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka damar janye amincewarka.

Ka sani kuma, cike fom ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin ganin likitan yara. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp yana neman kuɗi don ya saka ’yarka a bincike, ka yi nesa da shi.