Tsohuwar Mota da Sabon Inji: Kasuwar Sauya Injin Starlet da Golf a Mubi

MUBI — A Ingila da Jamus da Japan akwai masu sha'awar motoci da ke ɓata ranakun hutunsu wajen sauke injin tsohuwar ƙaramar mota su ɗora mata wani mai ƙarfi, domin nishaɗi da tsere kawai. A Mubi ta Jihar Adamawa ma ana yin wannan aiki, da irin waɗannan motoci, sai dai a nan hanyar cin abinci ce, kuma a kanta ne wani ɓangare na sufurin yankin ya dogara.

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, kusa da iyakar Kamaru, kuma kasuwar shanunta na jawo fatake daga Kamaru da Chadi. Hanyoyin da suka tashi daga garin zuwa Yola ta Hong da Gombi, da Michika, da Maiha, da kuma Sahuda a bakin iyaka, suna da hawa da gangara da gargada. A kan waɗannan hanyoyi ne ƙananan motoci masu ƙofa a baya, musamman Toyota Starlet da Volkswagen Golf, suka zama jakunan fasinja da 'yan tireda.

Abin lura shi ne an daɗe da daina ƙera su. Kamfanin Toyota ya rufe layin tsohuwar Starlet a 1999 ya maye gurbinta da Yaris, kuma wadda ya fito da ita a 2020 da wannan suna Suzuki Baleno ce aka sauya wa tambari. Ita kuwa Golf 3 ta fara fitowa ne a 1991. Saboda haka galibin motocin da ke lodi a tashoshin Mubi sun haura shekara 25, kuma da wuya a sami wadda injinta na asali ke cikinta.

Tushen al'amarin yana komawa ga shirin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar a 1986. Darajar Naira ta faɗi, sabuwar Peugeot daga Kaduna da Volkswagen daga Legas suka fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa, sai jama'a suka koma ga motocin gwanjo da ake kira 'yan Beljiyam, waɗanda ke shigowa ta Kwatano da Legas. Tare da motocin ne injuna suka riƙa zuwa cikin kwantena, ana sauke su a kasuwanni irin su Ladipo a Legas da Ƙofar Ruwa a Kano, daga nan dillalai su rarraba su zuwa garuruwan Arewa maso Gabas.

Idan inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, zaɓi biyu ne a gaban mai mota. Ko dai a buɗe shi a sake ringi da sauran kayan ciki, ko a sauke shi ɗungurungum a ɗora ɗan Beljiyam. Masu motocin haya da dama sun fi son na biyu, domin mota takan koma hanya da wuri, kuma duk ranar da ta kwana a gareji balas ya tafi.

Abin da ya sauƙaƙa aikin a Starlet shi ne injunanta 'yan gida ɗaya ne. Akwai 2E mai lita 1.3 da kabureta, da 4E-FE mai lita 1.3 wanda kwamfuta ke auna masa fetur, da kuma 5E-FE mai lita 1.5 na motocin Tercel da Paseo. Da yake mazauninsu kusan ɗaya ne, ana iya musanya su ba tare da yanke-yanke da walda mai yawa ba. Masu sha'awa a ƙasashen waje sukan nemi 4E-FTE mai tobo, ko VR6 mai lita 2.8 a Golf, alhali direban Mubi inji yake nema mai jure lodi wanda kowane bakanike zai iya gyarawa a bakin hanya.

Sai dai lissafin ya canza tun ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Lita da ke ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 a Arewa cikin kwanaki, ta kuma tsallake Naira 1,000 a 2024. Har ila yau, sakin darajar Naira a watan Yunin 2023 ya ɗaga farashin duk injin da aka shigo da shi da kuɗin waje. Babban inji da a da ake alfahari da shi yana iya cinye ribar direba a gidan mai.

Akwai kuma asarar da ke biyo bayan gaggawa. Inji mai kwamfuta yana bukatar wayoyinsa da na'urorinsa cikakku, kuma idan aka yi masa haɗin gambiza sai shan mai ya ƙaru. Injin da ya fi na asali ƙarfi yana bukatar birki da kuloci da lagireto daidai da shi, musamman a gangaren duwatsu da zafin watannin Maris da Afrilu. Daɗin daɗawa, lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji bai karɓi rasit ba, bai kuma sanar da ofishin lasisi ba, yana iya shiga tsaka mai wuya a shingen jami'an tsaro, ko ranar da ya tashi sayar da motar.

Ga ɗan kasuwar da ke son zuba jari a wannan fanni, ko a matsayin mai mota ko dillalin injuna, abin da ya kamata shi ne ya nemi a tayar da inji a gabansa, ya sami wa'adin gwaji a rubuce, ya kuma haɗa kuɗin inji da na aiki da na fetur na wata shida kafin ya yanke shawara. Muddin sabuwar mota ta ci gaba da gagarar talaka, garejin Mubi ba za su rasa aiki ba, amma riba za ta tsaya ne a hannun wanda ya iya lissafin lita.