Yadda 'yan damfara ke tattara adireshin imel na jama'a

Mutane da dama na mamakin yadda wanda ba su taɓa sani ba ya samu adireshinsu na imel, har ya aiko musu da saƙon cewa sun ci kyauta, ko banki zai rufe asusunsu. Galibi ba kutse aka yi musu ba, tsintar adireshin aka yi.

Akwai manhajojin da ke bin shafukan intanet dare da rana suna neman duk rubutun da ke ɗauke da alamar @. Abin da suka tsinta sai a jera shi a sayar wa masu aika saƙonnin yaudara. Wasu manhajojin kuma canki-canka suke yi: su haɗa sanannun sunaye da lambobi su aika saƙo, wanda bai dawo ba sun san adireshin na aiki. Akwai kuma sata daga rumbun bayanan kamfanoni, kamar kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013, wanda ya shafi asusu biliyan 3.

Sai dai wani lokacin jama'a ne ke buɗe ƙofar da kansu. Sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta ɗalibai kan aika sanarwa ga mutum ɗari, kowa na ganin adireshin kowa. Idan asusun mutum ɗaya ya faɗa hannun ɓarayi, sun samu na sauran duka. Maganin wannan shi ne a zuba adireshin a layin ɓoye, wanda ke da alamar Cci a manhajar Faransanci, Bcc a ta Ingilishi.

Masu kula da shafukan hukumomi da ƙungiyoyi su ma ya kamata su sanya fom na tuntuɓa maimakon baje adireshin ma'aikata a fili. Wanda saƙon yaudara ya zo masa kuwa, kada ya amsa, kada ya latsa komai a ciki, domin yin hakan shaida ce cewa akwai mai karantawa.

Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka kan tsaron intanet da kare bayanan jama'a, wadda aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a 2023. Amma mai aika saƙon na iya zama a wata nahiyar, inda hukumar ƙasarku ba za ta kai gare shi cikin sauƙi ba. Don haka adireshin da ya shiga jerin 'yan damfara da wuya ya fita.