Mujallun Farko na Wasan Labari da Yadda Masu Karatu Suka Raine Shi

Wasan labari na zaman tebur wani nau'in wasa ne da mutane huɗu ko biyar suke zama su ƙaga labari tare, kowannensu ya ɗauki matsayin jarumi guda a cikinsa, yayin da mutum ɗaya, wanda ake kira jagoran wasa, yake bayyana musu ƙasar da suke ciki da abin da ya tare musu hanya. Mai karatu a Ƙauran Namoda ko Zurmi zai fi saurin gane shi idan ya haɗa tatsuniya da tashe da lido a ransa, domin daga tatsuniya ya ɗauki mai ba da labari, daga tashe ya ɗauki shiga rigar wani, daga lido kuma ya ɗauki ƙwayar da ake jefawa. Bambancinsa da tatsuniya shi ne mai sauraro yana da bakin magana, in ya ce jaruminsa zai tsallake rijiya sai a jefa ƙwaya, wadda wani lokaci fuskokinta ashirin ne maimakon shida, ita ce za ta yanke ko ya haye ko ya faɗa. Ba kamar dara ba, a nan babu wanda ya ci, babu wanda aka cinye.

Tushen abin yana cikin wasannin yaƙi na taswira da hafsoshin Furushiya ta ƙasar Jamus suka riƙa koyon dabara da su tun 1824, amma siffarsa ta yanzu ta bayyana ne a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a ƙarƙashin kamfanin TSR, a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a jihar Wiskonsin ta Amurka. Bugun farko kwafi 1,000 ne kacal, ƙananan littattafai uku a cikin kwali, a kan dala 10.

Waɗannan littattafai, in za a faɗi gaskiya, ba su da tsari, kuma an rubuta su ne domin mutanen da suka riga suka san wasannin yaƙi, saboda haka wanda ya saya bai taɓa ganin ana yi ba sai ya rasa ta inda zai kama. Ga shi masu sha'awar a warwatse suke, kamar a ce mutum ɗaya yana Shinkafi, wani yana Zurmi, kowa da kwalinsa a ɗaka, babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Mujalla ce ta haɗa su. A watan Yunin 1975 wata mata mai suna Lee Gold ta fara fitar da Alarums & Excursions a birnin Los Angeles, kuma yadda take haɗa ta ya isa a tsaya a kansa. Kowane marubuci yana buga shafukansa da tafireta a kan sitansil, wato takardar nan mai kakin zuma da ake gurza tambayoyin jarrabawa da ita a makarantu a da, sannan ya aiko ta gidan waya tare da kuɗin bugun shafukansa. Ita kuwa sai ta gurza, ta jera, ta ɗinke, ta aika wa kowa. Marubuci ne ke biya a buga shi, ba shi ake biya ba. Yawancin shafukan martani ne ga abin da wasu suka rubuta a fitowar da ta gabata, ta yadda gardama ɗaya a kan ƙa'idar tsafi ko ta faɗa takan ɗauki watanni tana yawo, har shi Gygax da kansa ya sha aiko da wasiƙa yana kare ra'ayinsa. Mujallar ta yi kusan shekara 50 tana fita.

Shi ma kamfanin TSR ya fara tasa a 1975, mai suna The Strategic Review, wadda ta fito sau 7 kafin The Dragon ta gaje ta a watan Yunin 1976, Tim Kask yana editanta. Abin lura a nan shi ne yawan sassan wasan da a yau ake ɗauka da su aka haife shi, alhali masu karatu ne suka aiko da su. Jarumin daji mai bin sawu, Joe Fischer ne ya rubuto shi a 1975. Mai rufa-ido na Peter Aronson ne. Maroƙi mai tsafi da waƙa kuwa Doug Schwegman ne ya kawo shi a 1976. Wani ɗan Kanada, Ed Greenwood, ya fara aiko da maƙalu a 1979 a kan wata duniya da ya ƙaga tun yana yaro, har kamfanin ya saye ta ya fitar da ita a 1987 da sunan Forgotten Realms.

A Ingila ma haka aka yi. Steve Jackson da Ian Livingstone sun fara da 'yar takardar labarai, Owl and Weasel, a 1975, suna sayar da wasanni ta gidan waya daga ɗakin da suke haya a Landan, sannan a 1977 suka mayar da ita White Dwarf. Tana da fili na musamman da masu karatu ke aiko da dodannin da suka ƙirƙira, waɗanda aka tattara da yawansu a littafin Fiend Folio a 1981. Faransa ma ta sami tata mujallar, Casus Belli, a 1980.

Wanda ya san tarihin adabin kasuwar Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, da ƙungiyarsu ta Raina Kama, su ma ba su jira manyan kamfanonin ɗab'i ba, kuma shafukan ƙarshe na littattafan wancan zamani, masu ɗauke da sunayen littattafan 'yan'uwa da gaisuwa ga masu karatu, sun yi aikin da mujalla take yi. Har zargin ma iri ɗaya ne: kamar yadda aka ce littattafan soyayya suna ɓata tarbiyya, haka wasu iyaye da masu wa'azin coci a Amurka suka tashi a shekarun 1980 suna cewa wasan yana koya wa yara bautar shaiɗan, surutun da a farkonsa sai ma ya ƙara masa kasuwa.

Da kasuwar ta buɗe, The Dragon ta haura kwafi 100,000 a wata, amma bunƙasar ta zo da nata hasarar. Mujallun da a da suke yabon wasan kowane kamfani ko su kushe shi, sannu a hankali sai suka koma bakin masu su, musamman White Dwarf, wadda zuwa ƙarshen shekarun 1980 ta daina kula kayan kowa sai na Games Workshop, kamfanin da ya mallake ta. Kamfanin TSR ya durƙushe da bashi, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997, gardamar masu wasa kuma ta yi ƙaura zuwa intanet inda ba a jiran ɗan aiken gidan waya. Fitowa ta 359, ta watan Satumban 2007, ita ce ta ƙarshe da The Dragon ta yi a kan takarda.