Zaƙami, Bori da Bokayen Wasu Ƙasashe: Me Wanda Ya Sha Yake Gani?



Abin da ya sa na yi wannan rubutu wani al'amari ne da ya faru a kara, a nan Ibadan, damina biyu da suka wuce. Akwai wani yaro da ke yi wa mahaifina korar shanu, ba zan kama sunansa ba. Ran nan kuɗin cinikin bijimi guda suka ɓace a hannunsa tsakanin la'asar da magariba. Tsoro ya hana shi faɗa wa Baba. Sai abokansa suka ja shi wurin wani boka, aka karɓe 'yan kuɗin da suka rage masa, aka ba shi wani jiƙo a gora, wai idan ya sha zai ga fuskar ɓarawon ƙiri-ƙiri.

Ya sha. Kafin isha'i ya tuɓe riga, jikinsa zafi kamar garwashi, yana cafkar abin da babu a iska, yana hira da mutanen da ba sa wurin. Cikin sambatun nan sai ya kira sunan wani mai shayi. Wallahi saura ƙiris a ƙona wa bawan Allahn nan teburi. Baba ne ya tare matasan da sandarsa, ya ce, "Kai, 'ya'yan nan, tun yaushe maganar wanda ba ya cikin hayyacinsa ta zama shaida?" Muka kai yaron asibiti. Likita na duba idonsa ya ce wannan ai zaƙami ne. Kwana uku ya yi kafin ya dawo daidai, kuma da ya farfaɗo bai tuna ko kalma ɗaya daga abin da ya faɗa ba. Mai shayin kuwa, kunya da tsoro suka sa ya tattara ya bar garin.

Tun daga nan nake tambayar kaina: me ya sa ɗan Adam ke yarda cewa wani ganye zai buɗe masa ido ya ga gaibu? Na yi ta bincike a waya, na kuma matsa wa wani ɗalibin jami'a da ke zuwa sayen nama wurinmu da tambaya. Ashe akwai fannin ilimi guda da ke nazarin al'adun ɗan Adam, kuma masanansa sun fi shekara ɗari suna bin wannan magana.

Daga ina kalmar "shaman" ta fito?

A can Saiberiya, yankin ƙanƙara na ƙasar Rasha, akwai wata ƙabila da ake kira Ebenki, makiyaya da mafarauta. Idan wani ya kwanta ciwo ko farauta ta ƙi, suna da mutumin da zai ɗauki ganga ya yi ta kaɗawa yana waƙa har ya fita hayyacinsa. A imaninsu kurwarsa ce ke tafiya wata duniya ta nemo kurwar majinyaci ko ta roƙi iyayengijin namun daji. Sunan wannan mutum a harshensu shi ne Turawa suka ara, suka riƙa liƙa wa duk mai irin wannan aiki a duniya. A 1951 wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Mircea Eliade, ya fitar da babban littafi a kan haka.

Masanan sun raba abin gida biyu. Akwai inda aka yi imani kurwar mutum ce ke fita ta je ta dawo, kamar na Saiberiya. Akwai kuma inda aka yi imani wani abu ne daga waje ke shigowa ya hau mutum. Wannan na biyun ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba, shi ne bori.

Su ma namu an yi nazarinsu

Abin da ya ba ni mamaki shi ne har unguwarmu an rubuta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan a 1962 zuwa 1963, littafinsa ya fito a 1969. Ya bayyana yadda kakanninmu ke tafiyar da fataucin shanu da goro: maigida mai saukar baƙi, dillali, da yadda ake ba mahauta shanu bashi a kan amana. Ya kuma nuna yadda ɗarikar Tijjaniyya ta kafu a Sabo a farkon shekarun 1950, maza suka karkata ga malamai da zikiri, bori kuma ya fi zama harkar mata.

Kafin shi, a 1914, wani Bature, Tremearne, ya rubuta littafi a kan borin Hausawan da ke zaune a Tunis da Tarabulus. A 1983 Fremont Besmer ya fitar da nasa a kan 'yan bori da makaɗansu a Kano. Sun rubuta yadda ake girka, da yadda ake kiran wanda iska ke hawa doki ko goɗiya, da sunaye irin su Ɗan Galadima, Sarkin Rafi, Kuturu da Inna, da birnin da aka ce iskokin ke zaune, wato Jangare. Kowane iska da kiɗansa da kirarinsa da irin tufafinsa, kuma idan zai sauka sai dokin ya yi atishawa.

To ga abin lura. A girka ana amfani da saiwoyi da turare, amma a filin wasa abin da ake kiran iska da shi garaya ce da goge da ƙwarya da kirari. Gilbert Rouget, wani Bafaranshe da ya yi nazarin kiɗa da fitar hayyaci a 1980, ya nuna cewa kiɗan ma ba shi kaɗai ke yin aikin ba. In da ganga ce kawai, ai da makaɗin ne zai fara faɗuwa. Wanda aka koya wa abin, yake kuma jiransa, shi ne ke hawa. I. M. Lewis, wanda ya yi aiki a Somaliya, ya ƙara da cewa a wurare da yawa irin wannan ya fi yawa a tsakanin mata da waɗanda ba su da murya a gida, don idan iska ya yi magana da bakin mace dole miji ya saurara.

Inda ake haɗawa da tsirrai

Akwai al'ummomin da lallai suke shan wani abu. A Gabon, mabiya addinin gargajiya na Bwiti suna ba mai shiga cikinsu ɓawon saiwar wani itace, iboga, ya kwana yana gane-gane, su ce ya je ya gaida kakanni. A dajin Amazon, a Peru da Burazil, ana dafa wani tsiro mai naɗe bishiya tare da wani ganye a sami abin sha mai suna ayahuwaska, mai sa amai da ganin siffofi. A Meziko, ƙabilar Huwicol na tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa wani hamada su tsinko ɗan tsiron da ake kira feyote. Kafin su isa sai sun ƙaurace wa gishiri da iyali, kowa kuma ya furta laifinsa a gaban jama'a, a ƙulla a igiya a jefa wuta.

Shi kansa zaƙami yana da 'yan uwa a Amurka. A da, ƙabilar Cumash ta Kalifoniya kan ba matashi jiƙonsa lokacin da zai shiga sahun manya, a ƙarƙashin kulawar tsofaffi, kuma duk da haka wasu kan mutu. Abin da ya sa gashin jikina ya tashi: an rubuta cewa a ƙabilar Zuni ma akan ba wanda aka yi wa sata irin wannan tsiro don ya ga ɓarawo. Ka ji fa, dabara ɗaya da ta bokan nan namu, a wata nahiya.

To me suke gani?

Nan ne gundarin maganar. Bahuwicole yana ganin barewa mai tsarki a addininsa. Ɗan Bwiti yana ganin kakanninsa. Mutanen Meziko da suka haɗa gargajiya da Katolika suna ganin waliyyan coci. Babu wanda ya ga na wani. Kowa abin da aka shuka masa tun yana yaro, da abin da aka faɗa masa kafin ya sha, shi ke fitowa. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Norman Zinberg, ya tsara wannan a 1984 da cewa abu uku ke haɗuwa: ƙwayar da aka sha, halin zuciyar mai sha, da wurin da mutanen da ke kewaye da shi.

Mu auna yaronmu da wannan ma'auni. Ya je da fargaba, an ce masa zai ga ɓarawo, kuma wurin mai shayin nan ne ya zauna na ƙarshe kafin ya lura kuɗi babu. Sunan wa kake tsammani zai fito? Abin da ke cikin tukunya shi ludayi ke ɗebowa.

Ta ɓangaren likitanci kuma, zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, Yarbawa kuma gegemu, yana ɗauke da sinadarai irin su atirofin da sikofolamin. Suna toshe wata hanya da jijiyoyi ke aika saƙo a jiki. Shi ya sa baki ke bushewa, gumi ya ɗauke, jiki ya yi zafi, baƙin ido ya buɗe, zuciya ta riƙa gudu, fitsari ya ƙi fita, mutum ya rikice ya kasa raba mafarki da ido biyu, daga baya ya manta komai. Atirofin magani ne a asibiti, har wanda ya sha fiya-fiya ake ceto da shi, amma da awo. A jikin tsiron kuwa babu awo. Ƙarfinsa ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, ko boka bai san abin da ya zuba ba.

Labarin wata tsohuwa

A 1955 wani ma'aikacin banki daga New York, Gordon Wasson, ya je wani gari a kan duwatsun jihar Oaxaca a Meziko, wurin wata mai magani, María Sabina, wadda ke amfani da wata irin laimar kwaɗi a zaman dare don duba marasa lafiya. A 1957 ya buga labarin a mujallar Life. Ya ɓoye sunanta, amma aka gano. Samarin Turawa suka yi ta kwarara garin suna neman gane-gane, 'yan sanda suka biyo baya, mutanen gari suka ɗora mata laifi har aka ƙona gidanta. Ta rasu a 1985 cikin talauci, tana cewa tun zuwan baƙi abin ya rasa ƙarfinsa.

Sannan a 1968 wani ɗalibi a Kalifoniya, Carlos Castaneda, ya fitar da littafi wai ya yi almajiranci wurin wani boka. Littattafansa suka sayu miliyoyi, ya sami digirin dakta, daga baya masu bincike suka nuna cewa labarin ƙirƙira ne. Ka ga ke nan, ba a bayan kara kaɗai ake damfara da sunan asiri ba, har a jami'ar Turawa an yi.

Ina muka tsaya?

Kada wani ya ce ga ɗan mai shanu yana tallan bori. Aikin waɗannan masana su bayyana abin da mutane ke yi da dalilinsu, ba su ba da fatawa. Mu kuwa malamanmu sun karantar da mu cewa duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, gaibu na Allah ne Shi kaɗai, zuwa wurin boka kuma babban haɗari ne ga imani. Abin da na ƙaru da shi kawai shi ne ko ta ma'aunin masu binciken, abin da ake yi a wurarenmu ba shi da madafa. Waɗancan ƙabilu sun kewaye abinsu da sharuɗɗa da tsofaffi masu tsaro, ba kullum ake sha ba, kuma duk da haka ana rasa rai, iboga ma kan tsayar da zuciya. Mu kuma yaro ne shi kaɗai a bayan tirela, ya haɗa zaƙami da tiramol da kodin, wai yana neman ƙarfin zuciya ko buɗewar ido.

Binciken da gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda. A shekarar ce aka hana maganin tari mai kodin. Amma zaƙami ba a kanti ake sayensa ba, a juji yake fitowa, da farin furensa mai kama da kakaki da 'ya'yansa masu ƙaya.

Don haka ga roƙona. In ka ga mai waɗannan alamu, kada a ɗaure shi a rana, kada a doke shi, kada a ɗura masa manja ko madara da ƙarfi, zai iya shaƙewa. A kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a garzaya asibiti da ragowar abin da ya sha. Duk sunan da ya kira, a bar shi a nan. In an yi sata, akwai shugabannin kasuwa, akwai Sarkin Hausawa, akwai hukuma. Mu baƙi ne a ƙasar mutane, mun kuma ga yadda ƙaramar rigima ke zama gobara.

Iyayen gida kuma, don Allah a sassauta. Yaron nan tsoron Baba ne ya kai shi wurin boka. Da ya dawo daga asibiti, Baba ya kira shi ya ce, "Ɗana, da ka zo ka faɗa mini, ai bijimi ne kawai." Ya yafe masa rabi, sauran yana biya kaɗan-kaɗan. Kuɗin har yau ba a gan su ba. Mai shayin kuma mun aika a ba shi haƙuri ta hannun wani direban da ya san garinsu, amma bai dawo ba.

Allah Ya tsare mana hankalinmu da imaninmu, Ya shirya mana matasanmu. Amin.