Abin da ya sa sabis ke tsallake wani gida ya faɗa wani

Idan ka bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ka ɗaga kai ka dubi ƙololuwar dogayen ƙarafan sabis da ke gefen titi. Za ka ga wasu fararen abubuwa masu tsawo, yawanci sun fuskanci ɓangarori uku. Su ne eriya, kuma su ke magana da wayarka.

Tun da wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001 nake jin mutane na cewa wanda ya fi kusa da ƙarfen shi ya fi samun sabis. Ba lallai ba ne. Eriyar nan tocila ce, inda aka haska nan take kaiwa. An raba kewayen ƙarfen gida uku, kowace eriya da digiri 120, amma ainihin ƙarfinta yakan tsaya cikin kamar digiri 65. Daga sama zuwa ƙasa kuwa siririya ce ƙwarai, sai an ɗan sunkuyar da ita kafin ta sauka kan gidaje. Shi ya sa mai POS da ya kafa lema a gindin ƙarfe a Kabo zai iya yin ta ɗaga na'ura sama, alhali na can gaba yana ta cire wa mutane kuɗi.

Wannan siffa a rubuce take. Kamfanin da ya ƙera eriya, irin su Huawei, yakan gwada ta a wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso mai tsini, don kada sigina ta bugi bango ta dawo. A auna ƙarfinta ta kowace fuska, a zuba sakamakon a ɗan fayil, sau da yawa irin wanda ake kira MSI: layi 360 na kewaye, wasu 360 na sama da ƙasa, lambobi zalla.

Injiniya sai ya shigar da fayil ɗin cikin manhaja kamar Atoll, ko Radio Mobile da ake samu kyauta. Ya faɗa mata tsawon ƙarfen, da inda eriya ta fuskanta, da yawan sunkuyonta. Tudu da kwarin ƙasa kuma akwai taswirarsu, wadda kumbon Endeavour na Amurka ya auno a Fabrairun 2000. Nan take kwamfuta za ta shafa wa garuruwa irin su Garo ko Getso launi a taswira, nan sabis ya cika, can ya yi rauni.

A wurin shigarwar nan ake yin ɓarna. A ɗauko fayil na zangon sigina na 900 a sa wa eriyar da ke aiki a zangon 1800. Ko a sa na sunkuyon digiri 2 alhali wadda ke saman ƙarfe tana kan 6. Akwai kuma ma'auni biyu na ƙarfin eriya masu kama da juna, dBi da dBd, tsakaninsu 2.15 kacal. Kada ka raina shi, don a wannan lissafi ragin 3 yana nufin rabin ƙarfi ya tafi. Manhaja ba ta gardama, abin da aka ba ta shi take zanawa, da launi mai kyau kuwa.

Ni dai na fi yarda da injiniyan da, bayan ya gama zanensa, zai shiga mota da na'urar awo ya bi ƙauyukan da kansa, musamman da damina, lokacin da bishiyoyi suka cika da ganye mai jiƙe suna tare sigina.