Idon da ake ɗora wa bindiga: farautar dare a ƙasar Sassumbrum

(Kiɗan buɗe shiri)

 Shirinmu na musamman na yau zai kai mu kudancin jahar Damagaram, ƙasar Sassumbrum da ke cikin gundumar Magarya, dab da iyakar Najeriya, mu ɗan leƙa har Dungas, wadda aka yanke daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Zancen farauta za mu yi, amma hankalinmu yana kan madubai da na'urorin da ake ɗora wa bindiga don maharbi ya hango nesa, ko ya gani cikin duhu.

Duk wanda ya bi hanyoyin wannan yanki ya san daji ya zama gona. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da rabin miliyan a gundumar Magarya kaɗai. Gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi sun cinye fili, gari na hangen gari. Abin da ya hana ƙasar zama fako shi ne gawo. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun yi suna a duniya wajen barin ƴaƴan itace su tashi a gonakinsu, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa ganin aikin. A gindin waɗannan itatuwa, da cikin sabara da kalgo da ke bakin gonaki, nan ne ɗan naman dajin da ya rage yake fakewa: zomo, fakara, kurege, bushiya, damo, ƴanyawa, wani lokaci zabon daji. Manyan namun da kakanninmu ke ba da labari sun daɗe da ƙaura.

Farautar da muka gada ta rana ce. Bayan an kau da amfanin gona, a sa rana, samari su fito da karnuka da gora da sanduna, ana kiɗa ana kirari, a kewaye fage. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Maharbi kuwa, mai baka ko mai bindigar toka, aikinsa sanɗa ne da karanta sawu da lura da inda iska ke kaɗawa. Idan rana ta faɗi kowa ya koma gida, dabbar da ta tsira ta samu sararin kiwo da shan ruwa da shayar da ƴaƴanta. Dare mahutar bawa, in ji Bahaushe, kuma ga naman daji haka abin yake a zahiri.

Tocilar goshi ce ta fara ɓata wannan tsari. A yau da kuɗi kaɗan mutum zai saye ta a kowace kasuwar ƙauye, mai caji, mai haske kamar na babur. A bayan idon yawancin dabbobin dare akwai wani shafi mai mayar da haske, shi ya sa idon kyanwa ke ƙyalli in an haska ta. Zomo in haske ya dake shi yakan daskare wuri ɗaya, idonsa na walƙiya, sai a harbe shi ko a maka masa sanda. Babu gudu, babu sawu, babu gwaninta. Wannan ita ce na'urar ganin dare ta talaka, kuma ta riga ta shiga dajinmu.

(Kiɗa)

To, a can ƙasashen masu hannu da shuni abin ya wuce tocila nesa ba kusa ba, kuma hotunansa na iso wa samarinmu ta wayar hannu. Kayan iri uku ne, mutane kan haɗa su wuri ɗaya alhali aikinsu daban.

Na farko madubin saiti, wato ɗan bututun hangen nesa da ake ɗaurawa bisa bindiga. Za ku ga an rubuta masa lamba kamar 3-9x40. Ma'anarta yana kusanto da abu sau 3 har zuwa sau 9, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 40. In aka murɗa shi zuwa 9, abin da ke nisan mita 90 zai bayyana kamar yana mita 10. A ciki akwai layuka biyu da suka gitta juna, mahaɗarsu ita ce wurin da ake son harsashi ya faɗa, amma sai an daidaita shi da bindigar tukuna, galibi a nisan mita 100, domin harsashi yana sunkuyawa ƙasa in ya yi nisa. Wannan madubi ba ya gani a duhu. Kuma ɗora shi a kan bindigar toka ɓarnar kuɗi ce, don ita watsa ƙwarori take yi a kusa. Yana da wani aibi da masu tallarsa ba su cika faɗa ba: gwargwadon yadda ya kusanto da abu, gwargwadon yadda yake ƙuntata abin da ido ke gani a gefe. Ka ga zomo sarai, ba ka ga yaron da ke tahowa daga dama ba. Masu gasar harbi ta Olamfik da bindigar iska a nisan mita 10 ma an hana su madubi mai kusantowa, ga shi ɗigon da suke nema faɗinsa rabin milimita ne kacal.

Na biyu tabaron ganin dare, mai nuna hoto kore. Shi tattara ɗan hasken wata da na taurari yake yi, ya mayar da shi lantarki, ya ninka shi sau dubbai, ya fito da hoto. Yaƙi ne ya haife shi. A 1945 sojojin Jamus sun gwada wani da suka kira Vampir, mai fitilarsa ta ɓoye da batir da soja ke goyawa mai nauyi fiye da kilo 10. Irin wanda ke dogara da hasken taurari Amurkawa ne suka yaɗa shi a yaƙin Biyetnam cikin shekarun 1960. In duhu ya yi duhu sosai, sai an haɗa masa fitila mai hasken da idon mutum ba ya gani.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, na'ura mai ganin zafin jiki. Ita ba ruwanta da haske ko kaɗan. A 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana kala-kala, ya sa ma'aunin zafi a bayan jan launi inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya hau. Kowane jiki mai ɗumi yana fitar da irin wannan haske na ɓoye. Da shi abin nan da ma'aikatan lafiya suka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona yake auna zazzaɓi. Mesa ma Allah ya hore mata ƴan ramuka a leɓe da take jin ɗumin abin da za ta kama. Na'urar tana mayar da ɗumi hoto: ƙasa mai sanyi ta fito baƙa, mai rai ya fito fari fat. Gilashi na yau da kullum yana tare wannan haske, don haka ake yin idon na'urar da wani ma'adini mai tsada, jamaniyam. Ba ta ratsa bango, kuma a daren bazara da ƙasa ke riƙe da zafin rana hotonta yakan dushe. Amma a daren hunturu, lokacin da ƙasa ta huce, wanda kuma shi ne lokacin farauta, zomon da ya lafe cikin ciyawa a fili yake.

A jihar Tekzas ta Amurka da irinta ake kashe aladun daji masu ɓarnar gonaki. Jamus ta sassauta dokarta kan irin waɗannan na'urori a 2020 don a rage aladun daji saboda annobar zazzaɓin aladu. Su dabba ce ta yi musu yawa har ta zama bala'i. Mu a nan ƙarewa take yi. Farashi kuma sauka yake: mai kyau har yanzu kan zarce miliyan ɗaya na sefa, amma kamfanonin Sin sun shigo kasuwar da masu rahusa, kuma tun 2016 aka fitar da wayar hannu mai ɗauke da irin wannan ido.

Ga inda nake so masu saurare su tsaya su yi tunani. Na'urar zafi tana gaya maka akwai mai rai a can, ba ta gaya maka ko wane ne. Daga nesa, farin dunƙule ne kawai. A ƙasar Sassumbrum da rani, gona ba ta kwana ita kaɗai. Makiyaya na sauka da garkensu don kara da ƴaƴan gawo, manomi na murna da taki. Akwai akuyar da ta ɓace, akwai jakin da ya kwanta, akwai ɗan Fulani da ya duƙunƙune cikin bargo, akwai wanda ya zaga bayan gari. Harsashin babbar bindiga yana tafiyar fiye da kilomita guda, ƙauyukanmu kuwa a jere suke. Harbi ɗaya na kuskure tsakanin manomi da makiyayi, kowa ya san irin wutar da zai iya tayarwa. Sannan a iyakar da jama'a ke kwana da fargabar ɓarayin shanu da masu satar mutane, dare rigar mugu ne, kuma wannan ido ya fi amfani ga mugu fiye da mai neman naman miya.

(Kiɗa)

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar, ta haramta farautar dare, da fitila ko babu fitila. Ta haramta farauta daga cikin mota, da guba, da makaman yaƙi. An rubuta ta tun kafin na'urar zafi ta yaɗu a kasuwa, amma ta riga ta rufe mata ƙofa. Ma'aikatan gandun daji ne ke da alhakin tsare ta, sai dai su ƙalilan ne, ba za su kwana a kowace gona ba. Sarkin baka da sarkin dawa da masu gari sun fi su sanin wanda ke fita da tocila.

Wanda ke ganin naman daji ba ya ƙarewa, ya dubi arewacin jaharmu. A 2012 aka kafa gandun Tarmit da Tin Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, don kare adas, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, da kuma mena, barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta ƙasa ke amsa sunanta. A 2010 an kiyasta adas kusan 200 a can. Binciken da aka yi a watan Maris na 2016 guda 3 kawai ya gani. Mota da bindigar zamani suka yi wannan aiki a hamada mai faɗi haka, balle ɗan kurmin da ke tsakanin gonaki biyu.

Ba ina cewa na'urar ba ta da alheri ba. A gandun Masai Mara na Kenya, tun 2016 masu gadi ke amfani da kyamarar zafi suna hango mafarautan sata cikin dare. A Tarmit masu bincike na ɗaura kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu in dabba ta gitta, don sanin yawan abin da ya rage. In har irin wannan ido zai iso Magarya da Dungas, wurinsa hannun ma'aikacin gandun daji ne, ko makiyayin da ke son sanin dila ce ta tayar masa da garke ko ɓarawo, a riƙe shi a hannu, babu bindiga a ƙarƙashinsa. Kafin nan, akwai aikin da shugabannin maharba za su iya yi tun wannan rani: su zauna da samarinsu a kan maganar tocilar goshi, su kuma ware lokacin da fakara da zabo ke kwanci a ɗaga musu ƙafa.

Jama'a, nan za mu dakata a shirin na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)