Sabuwar Salansa Da Baƙin Hayaƙi

Duk wanda ya san hanyoyin ƙasar Zuru, musamman waɗanda suka tashi daga Ribah, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, zuwa Wasagu da Bena da ƙauyukan kewaye, ya san abin da damina ke yi wa ƙarƙashin mota. Salansa ce ke fara shan duka. In ta huje ko ta tsinke, sai a kai wa mai walda ya yanke ya ɗora wata, wani ma ya zaɓi mai faɗin baki don jin daɗin ƙara. To, sau da yawa ba a mako guda sai mota ta soma shan fetur fiye da kima, tana baƙin hayaƙi, tana kakkarwa in an tsaya. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga malamin makaranta ko akawu mai jiran ƙarshen wata.

Kafin a nemi magani ya kamata a san cutar. Inji ba fetur kaɗai yake ci ba, sai da iska. Awon da ya dace shi ne kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. In fetur ya rinjayi iska ba ya ƙonewa duka, sai ya fita baƙi ƙirin. Shaidar wannan tana jikin fulogi: in aka kwance aka ga bakinsa da baƙar ƙura busasshiya, mai ya yi yawa, in ruwan ƙasa ne, awo ya yi daidai. A lura kuma, shuɗin hayaƙi ba na fetur ba ne, baƙin mai ne ke ƙonewa.

Ina ruwan salansa da awon mai, alhali a baya take? A motocin yanzu, kamar Corolla da Golf da Sharon, akwai wata 'yar na'ura da aka ɗaura a bututun hayaƙi kusa da inji, makanikai na kiranta sensa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙera ta, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Aikinta sansano yawan iskar da ta rage cikin hayaƙi, ta sanar da kwamfutar mota, ita kuwa ta ƙara mai ko ta rage. Idan mai walda ya bar kafa ko da kamar ta allura ce tsakanin inji da sensa, iskar waje za ta riƙa kutsawa. Sensa ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙarawa, alhali injin a ƙoshe yake. Watau ɗan aike ne aka ruɗa, ya kai labarin da ba shi ne ba.

Saboda haka bincike daki-daki ake yinsa. Na ɗaya, a ta da mota da safe tana da sanyi, a saurara ko akwai 'yar ƙara tas-tas wajen mahaɗar bututu, a duba ko akwai baƙin tabo a gefen walda ko gasket. Ruwan sabulu in aka shafa zai yi kumfa inda kafar take. Na biyu, a duba wayar sensa, don akan manta a mayar da ita, ko zafin walda ya ƙone ta. Na uku, a tambaya ko an cire matatar hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, gama cire ta kan kunna fitilar gargaɗi. Na huɗu, a nemi mai na'urar karanta kwamfuta, ko da sai an je Zuru. Lamba P0172 na nufin mai ya yi yawa. Amma ga abin lura: mota mai kafa a bututu takan nuna P0171, watau mai ya yi kaɗan, ga kuwa hayaƙi na tashi baƙi. Wanda ya gaskata lambar bai duba bututu ba, sai ya sayi famfon mai da nozul a banza, ya zama gyaran gangar Abzinawa.

Tsofaffin motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba su da sensa. Su salansa mai faɗi takan rage musu mai ne, ba ta ƙara ba. In irinsu ta yi baƙin hayaƙi, a duba cok ko ya maƙale, da matatar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa, sa'an nan a taɓa kafireta.

Kada a yi sakaci da wannan. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ya tsinka na cikin inji, ringi su cinye da wuri. Cikin hayaƙin kuma akwai iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. In ta shiga mota ta ƙarƙashi, tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, tana kuma kisa.

Shawarata ga malamai ita ce, ran da za a sauya salansa ku tsaya a kai, ku sa a saka sabon gasket, ku cika tanki ku rubuta kilomita. Mun saba koya wa yara cewa in lissafi ya ƙi fita, a koma layin da aka taɓa daga ƙarshe. Mota ma haka take.